Shaidar Rubutu: Daga Duwatsun Finikawa Zuwa Gafakar Malam

Gabatarwa

Duk yaron da ya tashi a karkarar Kano ta arewa, a ƙasar Dambatta ne, ko Minjibir, ko Bichi, da rubutu iri biyu yake girma. Da asuba yana gaban malam da allonsa, yana bin baƙi daga dama zuwa hagu. Hantsi na yi kuma sai ga shi a aji da littafi da fensir, yana bin baƙi daga hagu zuwa dama. Iyayenmu sun daɗe suna kallon waɗannan biyu kamar kishiyoyi, ajami na gida, boko na Nasara, har ana gardama a kan wanda ya fi cancanta a rubuta Hausa da shi. To, amma masana tarihin rubutu sun bi salsalar kowanne, sun tarar kakansu ɗaya ne, watau waɗansu baƙaƙe 22 da mutanen gaɓar Bahar Rum ta gabas suke amfani da su wajen shekara 3,000 da suka wuce. Su ne ake kira Finikawa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kansu shi ne wani abin mamaki da ke cikin tarihinsu. Mutanen nan da suka raba wa rabin duniya baƙaƙe, ko littafinsu ɗaya bai iso gare mu da harshensu ba. A wannan ɗan rubutu zan kawo shaidun da aka samu na harshen Finikanci, in nuna abin da ya tsira da abin da ya salwanta da dalilin haka, sa'an nan in waiwayo gida in auna shaidar tsohuwar Hausa da wannan mudun. Hausawa dai sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Su Wane Ne Finikawa?

Ƙasarsu ita ce siririyar gaɓar nan da yau mafi yawanta ke cikin Labanan, ƙasar Kwarorin da muka sani a Titin Beirut na Kano. Manyan biranensu su ne Taya, wadda Larabawa ke kira Sur, da Sidon, da Jubail, da Arwad. Kowane birni da sarkinsa, kuma mutum da birninsa yake kiran kansa, kamar yadda kakanninmu ke cewa Bakano ko Bakatsine. Girkawa ne suka haɗa su suka laƙaba musu suna ɗaya. Fatake ne na jirgin ruwa, sun shahara da katako da gilashi da wani rini ja mai duhu da suke samu daga dodon koɗi na teku. Sun kafa zango-zango tun daga tsibirin Kuburus har Andalus. Mafi girma shi ne Kartaj, kusa da Tunis ta yau, wanda aka ce an kafa a shekarar 814 kafin Miladiyya. Ma'anar sunan da harshensu, Sabon Birni.

Ba su ne suka fara ƙago baƙaƙen ba, don an sami waɗanda suka girme su a hamadar Sinai. Su ne dai suka daidaita su, suka yaɗa su. Girkawa suka ara wajen ƙarni na 8 kafin Miladiyya suka ƙara wasula, daga nan suka shiga Italiya suka zama na Rumawa, waɗanda su ne boko. Ta gabas kuwa Aramawa suka ara, Nabatawa mutanen Petra suka gada, daga nasu rubutun Larabci ya fito, shi ne kuma uban ajami. Har yau alamar tana nan. Harafin farko sunansa alef, watau sa, kuma in ka kifar da A za ka ga kai da ƙaho biyu. Harafin ayin, watau ido, da'ira suke zana shi. Shi ne ya zama O a boko, shi ne kuma wanda muke kira an-baki-wofi a makarantar allo. Jerin nan da malaman hisabi ke haddacewa, abajada, hawaza, haɗaya, kalamana, shi ne daidai jerin baƙaƙe 14 na farko na Finikawa.

Shaidun da Suka Rage

An ƙiyasta rubuce-rubucen Finikanci da aka tono sun kai wajen 10,000. Mai karatu zai ce ai wannan dukiya ce, amma bari mu buɗe buhun mu gani.

Kashi na farko na kaburburan sarakuna ne. A shekarar 1923 wani Bafaranshe, Pierre Montet, ya tono akwatin gawa na dutse a Jubail, na wani sarki Ahiram, wanda akasarin masana ke sa shi wajen shekara ta 1000 kafin Miladiyya. Rubutun bai kai kalma 40 ba. Ɗan sarkin ne ya sa aka yi, kuma mafi yawansa tsinuwa ce ga duk sarki ko hakimi ko sarkin yaƙin da ya buɗe akwatin, cewa sandarsa ta karye, gadon mulkinsa ya kife. A Sidon an sami na Sarki Eshmunazar a 1855, mai layi 22, yana birnin Paris yanzu. An sami na mahaifinsa Tabnit a 1887, yana Istambul. Shi Tabnit har rantsuwa yake yi wa ɓarayi cewa ba azurfa ba zinariya a tare da shi, su bar shi ya kwanta.

Kashi na biyu kirarin masu mulki ne. Mafi tsawon rubutun Finikanci da aka taɓa samu yana Karatepe a kudancin Turkiyya, inda aka gano shi a 1946 da 1947. Wani mai mulki Azatiwada ne ya sa aka sassaƙa shi a ƙofofin birninsa a ƙarni na 8 kafin Miladiyya, da Finikanci da kuma harshen mutanen wurin. Yana alfahari ya cika rumbuna, kuma a zamaninsa mace na iya tafiya ita kaɗai da mazarinta a hanyar da dā namiji ke tsoro. Duk manomin Kano zai gane wannan mizani na sarkin kirki ba tare da tafinta ba.

Kashi na uku, wanda ya fi duk sauran yawa nesa ba kusa ba, duwatsun alwashi ne. A wani fili na Kartaj da aka fara tonowa a 1921 an sami dubbansu, a kan tukwane masu ɗauke da ƙonannun ƙasusuwan jarirai da na 'yan raguna. Masana na saɓani, waɗansu sun ce yanka 'ya'yan ake yi wa gumaka, waɗansu sun ce maƙabartar jarirai ce. Abin da ya shafe mu a nan shi ne lafazin kusan ɗaya ne a dukansu: ga gunki kaza da gunki kaza, abin da wane ɗan wane ya yi alwashi, don an ji muryarsa. Dutse dubu bai fi dutse goma ba wajen yawan kalmomi, sai dai tarin sunayen mutane.

Akwai 'yan tsiraru da suka fita daban. Akwai dutsen Nora na tsibirin Sardiniya da aka gano a 1773, wanda ke nuna sun isa yammacin teku tun ƙarni na 9 ko na 8. Akwai faranti uku na zinariya da aka tono a Pyrgi ta Italiya a 1964, ɗaya da Finikanci. Akwai dutsen da aka samu a Marseille, mai jerin la'adar da masu tsaron gunki ke karɓa a kan sa da maraƙi da rago da tsuntsu, inda aka yafe wa talaka marar dabba. A Idalion ta Kuburus kuma an tono lissafin fada fiye da 700, an rubuta da tawada a kan tsingaro da ɓallin dutse.

Yadda Aka Karanta

Harshen ya mutu, baƙaƙensa sun zama zane kawai fiye da shekara dubu. Mabuɗin ya fito ne daga tsibirin Malta, inda a ƙarshen ƙarni na 17 aka san da waɗansu ginshiƙai biyu na farin dutse, kowanne da rubutun Girkanci da na Finikanci. Waɗansu 'yan'uwa biyu mutanen Taya ne suka keɓe su ga gunkinsu Melkart. A 1758 wani malamin Faransa, Jean-Jacques Barthélemy, ya gwama rubutun biyu, ya jingina da iliminsa na Ibrananci, wanda ɗan'uwan Finikanci ne na kusa ƙwarai, ya fitar da mafi yawan baƙaƙen. Wilhelm Gesenius na Jamus ya tattara duk abin da aka sani a 1837, Ernest Renan kuma ya kafa babban kundin tattara irin waɗannan rubuce-rubuce a Paris a 1867.

Duk da haka an bar baya da ƙura, domin Finikawa baƙi zalla suke rubutawa, ba wasali. Wanda ya yi makarantar allo ya san matakin babbaƙu kafin farfaru. To, Finikanci a babbaƙu ya tsaya. A ce Hausa ce, ka ga g da d da n, ba ka san ko gidan ba ne, ko gadon, ko gudun. Wasulan sai daga bakin baƙi aka tsinto su. Wani marubucin wasan kwaikwayo na Rum, Plautus, wajen shekara ta 190 kafin Miladiyya ya sa wani Bakartaje a wasansa yana magana da harshensa, aka rubuta da baƙaƙen Rumawa. Haka kuma a ƙasar Tarabulus ta Libiya, inda ayarin Kano ke sauka a ƙarni na 19, an sami duwatsun ƙarni na 3 da na 4 na Miladiyya da aka rubuta harshen da baƙaƙen Rumawa. Watau don a ji sautin harshen sai da aka koma ga wanda ya sa shi a wasa don a yi dariya.

Abin da Ya Salwanta

Kada mai karatu ya zaci ba su da littattafai. Marubucin Yahudawa Josephus ya kawo jerin sarakunan Taya daga wani Bagirke da ya ce daga kundin birnin ya ɗauko. Pliny na Rum ya faɗa cewa da Rumawa suka rushe Kartaj a shekara ta 146 kafin Miladiyya, sai majalisarsu ta raba wa sarakunan Afirka ɗakunan karatun birnin kyauta. Abu ɗaya suka riƙe, shi ne littafin noma na wani Mago, mai juzu'i 28, suka sa aka fassara. Asalin ya ɓace, fassarar ma ta ɓace. Abin da ya rage 'yan guntaye ne da marubutan noma na Rum irin su Varro da Columella suka tsakuro, a kan dashen zaitun da inabi da yadda ake zaɓen san huɗa. Columella ya ce Mago ya buɗe littafinsa ne da shawarar wanda ya sayi gona ya sayar da gidansa na birni. Da ya ga gonakin da 'yan birni ke saye a bakin titin Dambatta su kewaye da waya su tafi, da ya san maganarsa ba ta tsufa ba.

Me ya ci littattafan? Abu biyu ne. Na farko, abin da aka yi rubutun a kai. Littattafansu da wasiƙunsu da takardun cinikinsu a kan takardar Masar suke, wadda ake yi da wani kara na bakin kogin Nilu. A busasshen rairayin Masar tana shekara dubbai, amma a damshin gaɓar teku ruɓewa take yi. A Kartaj masu tono na Jamus sun sami dubban 'yan curin yumɓu da ake mannawa a bakin naɗaɗɗiyar takarda a buga hatimi. Gobarar da ta cinye takardun ita ce ta gasa yumɓun ya tsira, har ana ganin sawun takardar a bayansa. Hatimi na nan, wasiƙa babu.

Na biyu, rashin mai kwafa. Littattafan Girkawa da na Rumawa su ma a kan irin wannan takarda aka fara rubuta su, amma kowane zamani an sami masu juya su a sabuwa. Jikokin Finikawa kuwa, manyansu na birni sun koma harshen masu mulki don a nan ci gaba yake. Talakawan karkara ne suka riƙe harshen. Augustine, babban limamin Kirista na Hippo, watau Annaba ta Aljeriya, wanda ya rasu a 430, ya ambaci cewa manoman yankinsa da harshen suke magana, har in an tambaye su su wane ne sai su ce Kan'anawa. Fiye da shekara 500 ke nan bayan rushe Kartaj. Amma ba wanda ya zauna ya rubuta maganar manoman nan, sai ta tafi tare da su.

Sun Iso Ƙasarmu?

Wannan tambaya ta daɗe tana jan hankalin Turawan mulki. Akwai labarin Hanno, wani jagoran Kartaj da aka ce ya bi gaɓar Afirka ta yamma da jirage 60 har ya ga dutse mai aman wuta, wanda waɗansu suka ce Dutsen Kamaru ne, waɗansu suka ce na Gini. Labarin da Girkanci kawai ya rage, a wani kwafi na ƙarni na 9 da ke Heidelberg ta Jamus. H. R. Palmer, wanda ya yi mulki a Katsina, ya kuma shugabanci Jihar Arewa daga 1925 zuwa 1930, har littafi ya buga a kan tafiyar a 1931. Shi da irinsa sun saba, in sunaye biyu suka yi kama a kunne sai su ƙulla musu zumunci, kuma duk abin kirkin da suka gani a ƙasar baƙar fata sai su nemo masa uba daga waje. Haka aka jingina ginin duwatsun Zimbabuwe ga Finikawa, sai da tonon David Randall-MacIver a 1905 da na Gertrude Caton-Thompson a 1929 suka nuna aikin 'yan ƙasa ne. Malamanmu na Zariya, Abdullahi Smith da Yusufu Bala Usman, sun yi fama da irin wannan tunani a tarihin ƙasar Hausa.

In shaidar rubutu za a bi, iyakar inda aka sami baƙaƙen Finikawa a gaɓar yamma shi ne tsibirin Mogador na Maroko, a jikin fasassun tuluna. Mafi kusa da mu shi ne dangin rubutun Buzaye, tifinag, wanda muke gani a hannun masu saukowa da kanwa da rani. A Dugga ta Tunisiya an sami duwatsu biyu masu ɗauke da harshen Kartaj gefe da gefe da tsohon rubutun Libiya, kakan tifinag, kuma da su aka karanta shi.

Zumuncin gaskiya da ke tsakanin Hausa da Finikanci ya girmi Kartaj da dubban shekaru. Tun rabe-raben Joseph Greenberg na 1963 masana suka amince harsunan Cadi, inda Hausa take, da harsunan Samawa, inda Larabci da Finikanci suke, rassa ne na babban gida ɗaya. Shi ya sa mutu ta yi kama da m-t ta Finikanci, suna ta yi kama da sh-m, kuma t ke nuna mace a duka biyun. Wannan gado ne. Amma mulki, wadda ita ma ta yi kama da m-l-k, watau sarki, aro ce da ta shigo ta Larabci. Ɗalibin da bai raba gado da aro ba zai faɗa ramin da Palmer ya faɗa.

Mu Waiwayo Gida

Yanzu mu tambayi kanmu: ina shaidar tsohuwar Hausa? Tono ya nuna ana narka ƙarfe a Dala tun wajen ƙarni na 7. Malamai Wangarawa sun iso Kano zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14 bisa faɗar Tarihin Kano, ko zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, bisa faɗar littafin asalin Wangarawa. Shehu Magili ya rubuta wa Rumfa littafin shawarar mulki. Duk da Larabci ne. Tarihin Kano kansa, wanda Palmer ya fassara a 1908, da Larabci yake, kuma masana sun fi karkata ga cewa a ƙarshen ƙarni na 19 aka haɗa shi. Hausar da ke ciki sunaye ne da sarautu da 'yan kirari, kusan kamar yadda duwatsun Kartaj suka bar mana sunaye.

Ana dangana waɗansu rubuce-rubucen ajami ga malaman ƙarni na 17, irin su Abdullahi Suka na Kano da Wali Ɗanmarna na Katsina, amma masana irin su Mervyn Hiskett sun tsaya a kan cewa waƙoƙin Hausa da za a iya tabbatar da zamaninsu sun fara yawa ne daga ƙarshen ƙarni na 18, da zuwan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙanensa Abdullahi da 'ya'yansa Nana Asma'u da Isa. Su kuma wa'azi ne da tarihin jihadi, ba hirar kasuwa ba. Hausar yau da kullum sai a hannun baƙi muka fara ganinta da yawa: ƙamus ɗin J. F. Schön na 1843, da labaran da ya rubuta daga bakin Dorugu, yaron da Barth ya tafi da shi Turai, aka buga a 1885, da tatsuniyoyin da Frank Edgar ya sa malamai suka rubuta aka buga daga 1911 zuwa 1913, da ƙamus ɗin Bargery na 1934. A cikin namu, Alhaji Umaru, haifaffen Kano a 1858 wanda ya rasu a Kete-Krachi ta Gana a 1934, shi ne ya rubuta zube mai yawa da ajami a kan sana'o'i da al'adu, kuma Jamusawa ne suka nema suka adana.

Maƙwabtanmu sun fi mu sa'a. A Barno, A. D. H. Bivar ya ga waɗansu tsofaffin Alƙur'anai masu sharhi da tsohon harshen Kanembu a tsakanin layuka, ɗaya mai ɗauke da shekarar 1669. A Essuk da Gao ta Mali akwai duwatsu masu rubutun Larabci tun ƙarni na 11, da sunaye da kalmomin mutanen wurin a ciki, waɗanda Paulo de Moraes Farias ya buga a 2003. Mu ba mu saba rubutu a kan kabari ba, sai tsingaro ko itace a kai da ƙafa. Gininmu na ƙasa ne. Allonmu kuwa don a wanke shi aka yi shi. Saura takarda, irin mai alamar wata uku da ake kawowa daga Italiya ta hamada, ita kuma abincin gara ce.

Da shaida ta yi ƙaranci, masana sun koma ga bakin mutane. Tun wajen 1928 August Klingenheben ya lura Bakano na cewa sauro da aure da zauna, Basakkwace na cewa sabro da amre da zamna, ya gane na Sakkwato ne tsohon lafazi. Jam'in ɓauna, ɓakane, ya tona cewa dā akwai k a cikin kalmar. Watau karin harshen ƙauye shi ne dutsenmu, da sharaɗin a rubuta shi kafin rediyo da waya su goge shi.

Abin da Ke Cikin Gafaka

A yankinmu gida na kallon gida, ba daji, ba saura. Gona kan rabu wajen gado har ta zama ba ta fi shimfiɗa 'yan tabarmi ba, iyaka kuma kan zama jerin gamba ko aguwa. Saboda haka mutanenmu sun daɗe da sanin darajar takarda. Da wani dattijon malami na ƙauyenmu ya rasu, magada suka buɗe gafakarsa ina wurin. Ban da littattafan fiƙihu masu fassarar Hausa a gefe, akwai takardun cinikin gona da na jingina da ajami: gabas gonar wane, yamma burtali, kudu kuka, arewa rijiya, kuɗi fam kaza da sule kaza, shaidu wane da wane. Akwai wasiƙa daga wani da ya tafi Kumasi, akwai laƙanin ciwon shawara, akwai lissafin damman zakka. Na ga kalmomin noma da sai da tsofaffin wurin suka fassara mana. Gara ta cinye gindin takardu da dama, kuma a gindin ne ake sa shekara. Wani daga cikin magadan ya ba da shawarar a haƙa rami a binne su duka, don akwai sunan Allah a ciki, kada a taka. Niyyarsa kyakkyawa ce, kuma da irin wannan kyakkyawar niyya takardu da yawa suka tafi. Ɗaya daga cikin waɗanda aka ajiye ita ce daga baya ta kashe wata rigimar iyaka a gaban dagaci, bayan duk shaidun da ke cikinta sun rasu.

Irin waɗannan takardu su ne daidai abin da Finikawa suka rasa. Kirarin sarakunanmu da waƙoƙin manyan malamai sun sami masu kwafa, suna Gidan Arewa a Kaduna, da ɗakin adana tarihi na ƙasa da ke can, da hukumar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da Gidan Ɗan Hausa a Kano, da ɗakunan karatun jami'o'inmu. Littafin Mago namu kuwa, watau ilimin taki da iri da damina da ya sa ƙasar nan ta ciyar da jama'a masu yawa ɗaruruwan shekaru ana noma ta kowace shekara, rabinsa na cikin gafaka, rabi na cikin kan tsofaffi. Masu iya karanta ajamin hannu kuma kullum raguwa suke yi, har a cikinmu masu nazarin Hausa.

Kammalawa

Shawarata ga 'yan ƙungiya ita ce kowannenmu in ya je hutu ya nemi gidan malami ɗaya a garinsu, ya shiga da ladabi, ya nemi izini. Kada ya ɗauke takarda ko ɗaya, don ta masu ita ce, kuma da dama an taɓa ara musu ba a mayar ba. Ya ɗauki hoton kowane shafi da wayarsa, gaba da baya. Ya rubuta sunan gari, da wanda ya rubuta, da wanda ya gada, da shekarar da aka sani ko zamanin dagacin da aka yi ta. Ya sa wani tsoho ya karanta da baki ya naɗi muryarsa, domin ajami ba ya nuna karin sauti, kuma kowane malami da yadda yake rubuta ɓ da ɗ da ts. Sa'an nan ya juya da boko, kwafi ɗaya ga masu gida, ɗaya ga sashe. Malamanmu kuma muna roƙon su ƙarfafa darasin karatun ajamin hannu, su karɓi irin wannan aiki a matsayin kundin kammala digiri. Hoton waya ma ba dutse ba ne, wayar na faɗawa rijiya an gama, don haka a buga a takarda, a ajiye a wuri fiye da ɗaya.

Mu kusan ɗari ne a ƙungiyar nan. In kowa ya kawo gafaka ɗaya a shekara, kafin 'yan aji ɗaya su fita mun tara abin da na bayanmu za su yi nazari a kai. Allah ya jiƙan malamanmu da suka rubuta, ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bari. Wassalam.